Motar rimot ɗina da ke mutuwa bayan minti biyu, da yadda na bi ta waya-waya

Motar da nake magana ba irin wadda ake tallatawa lokacin sallah bace mai cin batirin tocila huɗu. Wannan babba ce, sikel 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, ko wace ƙafa da shokozobanta, tayu huɗun duk suna ja, rimot ɗin kuma mai kunama ne da ɗan sitiyari a gefe. Hannu na biyu na saye ta wurin wani abokin yayana da ya taho da ita daga waje ya yi kwana biyu yana wasa da ita ya gaji ya aje. Kuma bai ɓoye mani ba, yace tana tashi amma bata jimawa, shi yasa ma kuɗin suka yi sauƙi.

Abin da take yi shi ne in ka cika mata caji ka aje ta ƙasa zata fita da ƙarfi har tana watsa yashi, minti ɗaya zuwa biyu sai ta tsaya cak, ka ja kunama shiru, amma in ka murɗa sitiyari tayun gaba suna juyawa lafiya lau. In ka kashe ta ka ɗan jira ka kunna sai ta sake tafiya kaɗan ta kuma tsayawa. Ranar da na fara fita da ita can wani fili bayan Kofar Kaura a Katsina yara sun taru ana ta ihu, kafin kace me ta mutu, ni ne har da bin ta in ɗauko a hannu ana mani dariya. Nan take kowa ya zama injiniya, wannan yace rimot ne, wancan yace moton ya ƙone, wani yace ai in sayo sabon komai kawai. Tau sayen sabon komai ɗin nan ba kamar sayen kati bane, kayan nan oda ake yi a intanet ko a aika Kano ko Legas ka zauna jira, in ka sayo abin da ba shi ne ya lalace ba kuɗinka sun tafi kuma motar tana nan yadda take.

Bari in faɗi abin da ke cikinta don wanda bai taɓa buɗewa ba. Wuta tana fitowa daga batir ta manyan wayoyi biyu ta shiga wani ɗan akwati da ake ce ma ESC, shi ne ke ƙayyade yawan wutar da zata je ma moto, gaba ko ribas ko birki. Cikin ESC ɗin akwai wani sashe BEC da ke rage wutar ta koma bolt 5 ko 6 ya tura ma risiba, ita risiba ita ke jin maganar rimot a 2.4GHz, sannan ta ba sarbo umarni, sarbo shi ne ɗan injin da ke juya tayun gaba. A jikin risiba sarbo yana shiga ramin da aka rubuta ma CH1, ESC yana shiga na CH2. Kaga kenan tunda sitiyari na aiki lokacin da motar ta mutu, rimot lafiya yake, risiba lafiya take, BEC ma yana bada wuta. Wannan kaɗai ya fidda rabin zarge-zargen da aka yi mani a filin nan. Saura batir, filogi, ɓangaren ESC mai tura moto, da moton kanshi.

Batirin LiPo ne, wani irin batirin litiyom mai caji, 2S, girmanshi 2200mAh. 2S na nufin sel biyu aka jera, ko wane bolt 3.7 a rubuce, in ya cika 4.2, duka biyun 7.4 a rubuce, 8.4 in sun cika. Ƙaramar cajar da aka haɗo ni da ita fitila kawai gare ta, ja da kore, kuma kullum sai ta nuna kore. Na ɗauko mita irin 'yar rawayar nan da masu gyaran waya ke amfani da ita na kai ta kan 20 na DC na auna babban filogi, 8.1. Duk wanda ya ga 8.1 zai ce batir ba laifi, ɗan gibin 0.3 ne kawai. Amma akwai wani ƙaramin farin filogi mai wayoyi uku a jikin batirin, shi ne ke baka damar ganin ko wane sel daban, ka auna tsakanin baƙar waya da ta tsakiya sel ɗaya kenan, ta tsakiya da ja ɗayan kenan, sai dai a yi hattara kar bakin wayoyin mitar su haɗu don ramukan kusa suke da juna ƙwarai. Ɗaya ya bani 4.19, ɗaya 3.91. Lafiyayyen batir da aka cire daga caji bambancin sel ɗinshi bai kamata ya wuce 0.02 ko 0.03 ba.

Duk da haka ban yanke hukunci ba, na ɗauki motar da batirin na nufi shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a wajen Kofar Guga, tun ina yaro can muke kai rediyon gidanmu. Na gaida shi nace Baba yau wata 'yar rigima na kawo maka. Ya juya motar ya duba ƙasanta yace kai kuma da girmanka, wannan ta ɗanka ce ko taka? Nace Baba tawa ce shi yana dai kallo. Ya yi dariya yace tau Allah ya shirya. Da na faɗa mashi abin da mita ta nuna sai yace batir ba a zaune ake auna shi ba, a ɗora mashi kaya tukun a ga abin da zai yi. Ya laluba cikin wani kwali ya fiddo ƙwan fitilar gaban mota na bolt 12 wat 55 da wayoyi biyu liƙe a jiki, yace haɗa wannan a babban filogin ka bar mitarka a ƙaramin. Ƙwan irin wannan in ka bashi bolt 8 yana jan wajen am 3 zuwa 4, am shi ne ma'aunin yawan wutar da abu ke ja, ba wani nauyi bane in aka kwatanta da abin da moton ke ja. Ƙwan na kamawa sel mai kyau ya sauko 4.06 ya tsaya nan, ɗayan kau ya faɗo 3.5 lokaci guda sannan ya riƙa zamewa a hankali muna kallo, 3.4, 3.3, har Baba yace cire kar ka ida kashe shi.

Nan komai ya fito fili. ESC ɗin yana da tsarin kare batir, in wuta ta sauka wajen bolt 3.2 a ko wane sel, wato wajen 6.4 gaba ɗaya, sai ya yanke ma moto wuta ya bar ma risiba da sarbo, don LiPo in ya sauka ƙasa da 3.0 lalacewa yake. Moto irin 550 da ke cikin motar nan lokacin tashi ko cikin yashi yana iya jan am goma-goma, sel mai rauni ya durƙushe, jimillar ta faɗi, ESC ya yanke. In ka kashe ka jira wutar ta ɗan farfaɗo shi yasa take sake tafiya kaɗan. Abin kamar shanun huɗa ne biyu a garma ɗaya, in guda ya kwanta ƙarfin ɗayan bai amfana komai. ESC ɗin da ake ta zagi ashe aikinshi yake yi daidai.

Akwai wani ɗan fin a jikin ESC da ake cirewa a maida tsakanin LiPo da NiMH. Wani abokina mai haɗa sola yace in maida shi kan NiMH ai yankewar zata daina. Gaskiya ne zata daina, amma abin da ka yi shi ne ka cire ma batir mai gadi, zai yi ta zuƙewa har ya kumbura, kuma kumburarren LiPo ba abin aje wa cikin ɗaki bane. Wannan wurin na batirin NiMH ne mai sel shida bolt 7.2, su sun fi haƙuri da a zuƙe su. Ban taɓa fin ɗin ba. Shi dai abokin nawa bai haƙura ba ya kawo mani sel biyu 18650 da ya ciro daga tsohon batirin laftof yace mu haɗa, tunda su ma 4.2 suke cika. Mun haɗa don a gani, a mita 8.3 tsaf, a ƙasa kau ko tsawon tsakar gida bata ida ba ta yanke. Sel ɗin laftof an yi su ne su bada wuta kaɗan na tsawon lokaci, waɗanda ke iya bada am 20 zuwa sama su ne irin na cikin batirin injin huda, kuma ko su sai in basu tsufa ba.

Me ya kashe batirin farko? Mai motar yace mani cike yake aje shi, kuma ya yi watanni cikin but ɗin motarshi. LiPo baya son zama a cike, kuma baya son zafi, ka haɗa mashi biyun a garin da watan Afrilu zafi ke haura digiri 40 a inuwa balle cikin but, ai ya ma yi ƙoƙari. In za a aje shi fiye da 'yan kwanaki 3.8 ake barin ko wane sel.

Na yi odar sabon batir 2S da caja irin B6 mai allo. Abin da na so game da cajar nan wutar DC take ci daga bolt 11 zuwa 18, don haka ko an ɗauke wuta sai in maƙala ta a batirin solar gida mai bolt 12 in ci gaba da harkata. Ana zaɓar LiPo, a zaɓi cajin da ke daidaita sel, a sa 2S, a sa am daidai da girman batir, 2200mAh am 2.2, in 5000mAh ne am 5, a haɗa babban filogi da ƙaramin farin duka. Ina cajin ne bisa siminti a waje cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa da na zuba ma yashi, kuma bana tafiya in bar shi. Maman yara ta tambaye ni wai me nake dafawa. Tsohon batirin kuma na haɗa mashi ƙwan Baba a tsakar gida nesa da komai har ya mutu murus mita ta nuna sifiri, sannan na murɗe wayoyin biyu wuri ɗaya. Dan Allah kar wanda ya jefa irin wannan a bola da sauran wuta a ciki, yara da 'yan jari bola suna fasa duk abin da suka tsinta, kuma in aka huda shi wuta yake kamawa.

Da sabon batir motar ta zama wata aba daban, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Tana cikin gudu in na karya kwana da ƙarfi sai ta yi kamar an ɗauke mata numfashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, babu totur babu sitiyari, sannan ta dawo. Wannan daban yake da na farko tunda yanzu har sitiyarin ke ɗaukewa, kenan ita risibar ce ke mutuwa ta farfaɗo. Na fara da mai sauƙi, batiran rimot na sa sababbi, na duba 'yar wayar eriya bata tsinke ba kuma bata kwanta bisa moto ba, na sake haɗa rimot da risiba su san juna. Babu canji. Sai na ɗora motar bisa bulo tayu na lilo na cire murfin na zuba ma fitilar risiba ido, ina kai sitiyari ƙarshe sai in ji sarbo yana gurnani zzzz, fitilar ta ƙifta. Na sa mita a wani ramin risiba da ba kowa, fin na tsakiya shi ne mai wuta, na gefen da baƙar waya ke shiga shi ne ƙasa, a zaune 5.9, in na danne sitiyari ƙarshe lambar ta faɗo ƙasa da 4, kuma mitar nan mai sanyin jiki ce, ainihin faɗuwar ta fi abin da take iya nunawa.

Na kwance sandar da ta haɗa sarbo da tayu na gwada juya tayun da hannu, wallahi da ƙyar suke motsi. Yashi da ƙurar hunturu sun haɗu da wani girisi da mai ita na da ya lafta sun zama taɓo a duk gaɓoɓin. Sarbo yana ta kokawa da wannan, yana jan wutar da ta fi ƙarfin BEC, wuta ta faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi. Na kwance gaban duka na wanke da tsohon buroshin haƙori, ban maida girisi ba, a irin ƙasarmu girisi a waje kiran yashi ne kawai. Sannan a rimot akwai ɗan abin murɗawa mai rubutun ST D/R, shi ke rage iyakar juyawar sitiyari, na rage shi har sarbo ya daina gurnani a ƙarshe, ashe tun asali yana tura tayu fiye da inda zasu iya kaiwa.

Na koma wurin Baba don kafasita. Ya ciro mani ɗaya daga wani mataccen bod, 2200 maikurofarad bolt 16, ya liƙa mata wayar tsohon sarbo yace ka kula da wannan farin layin na jikinta, ƙafar da ke gefenshi ita ke zuwa baƙar waya, in ka juya fashewa zata yi. Ana cusa ta ne a ramin risiba da ba kowa, tana riƙe 'yar wuta ta cike gibin lokacin da sarbo ya fizga. Ni dai a ganina wanke gaban nan shi ne maganin, kafasitar ƙari ce, wanda ya sa kafasita ya bar sitiyari a cije sarbonshi zai ƙone ko ba jima.

Muna nan zaune Baba ya kama filogin da ke tsakanin batir da ESC ya shinshina yace ɗana wannan yana zafi ko? Nace eh Baba, in na gama wasa har bana iya riƙe shi sosai. Irin farin filogin robar nan ne mai 'yan siraran ƙarafa a ciki, da na haska na iske robar ta fara narkewa gefe ɗaya ƙarfen ya yi baƙi. Duk wurin da ke zafi a hanyar wuta asara ce ake yi a wurin, wutar da ya kamata ta je moto tana ƙarewa a ɗumama roba, kuma yana sa ESC ya ga kamar batir ya ƙare alhali da saura. Sabon batirin dama da filogi irin XT60 ya zo, mai ruwan ɗorawa, ina ta amfani da wata 'yar waya mai canza baki a tsakani, sai muka yanke farin muka sa XT60 kai tsaye a ESC muka jefar da 'yar tsakanin. Babu wuta lokacin, Baba ya tura ƙarfen dalmarshi cikin garwashi, kuma gaskiya don wayoyi masu kauri irin waɗannan ya fi ƙananan na lantarkin nan masu wat 30 da basa iya narka dalma ta shiga cikin waya. Abu biyu ya jaddada mani, mai ramuka ita ke zama ɓangaren batir don kar wani ƙarfe ya haɗa bakin, kuma duk ranar da zan canza filogin batir kanshi in yanke waya ɗaya in liƙa in rufe sannan in taɓa ɗayar, kar in kuskura in sa almakashi in datse biyun tare.

Moton na bari ƙarshe. Mai wayoyi biyu ne mai kabon a ciki, irin wannan zaka iya cire shi daga ESC ka taɓa mashi batir kai tsaye ka ji yadda yake juyawa, amma mai wayoyi uku marar kabon ba a mashi haka, sai da ESC ɗinshi. Nawa ya juya amma da ƙara da tartsatsi da yawa ta 'yan tagogin baya. Na wanke cikin da sifirit ɗin masu gyaran waya na bari ya bushe, na ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ko wane bakin sandar. Ƙaramar giyar da ke kan moto da babbar da take juyawa sun matse da yawa, na sassauta kusoshin na sa 'yar tsagin takardar littafi tsakanin haƙoran na matsa na ɗaure na zare takardar, sai ya bar ɗan wasa kaɗan yadda ake so. Gwajin zafi kuma da yatsa nake yi, in na kasa barin yatsa bisa moto na 'yan daƙiƙu tau a huta. Da rana tsaka lokacin bazara ma bana fita da ita, sai bayan la'asar.

Wani ƙaramin abu da ya kusa sa ni sake kwance ta, ɗana ya yi wasa da rimot ya murɗa TH TRIM, ɗan abin da ke daidaita tsakiyar totur, na kunna mota ESC yana ta ƙifta fitila yaƙi tashi. Da yawansu haka suke, in basu ga totur a tsakiya ba lokacin kunnawa basa yarda su saki wuta, don kar mota ta fizge daga hannunka. Na maida shi tsakiya na kashe na kunna shikenan. Kuma rimot ake fara kunnawa sannan mota, wurin kashewa mota ake fara kashewa.

Yanzu tana yin wajen kwata na awa a caji ɗaya in ba cikin yashi mai zurfi na shiga ba, ina cire batir in auna in iske ko wane sel wajen 3.6 zuwa 3.7 kuma kusan daidai da juna. Kabon ɗin moton ya cinye sosai, irin gwangwanin da ba a buɗewa ne a canza, don haka wani 550 ɗin zan yi oda. Marar kabon yana bani sha'awa amma shi sai an canza har ESC, kuma bana jin giyoyin robar da ke cikin motar nan zasu ɗauki ƙarfinshi.